Waya, Oba-oba da Na'urar Farfaɗo da Zuciya: Yadda Ake Aiki da AED a Inda Igiyar Rediyo Ta Yi Yawa

Duk wanda ya taɓa shiga babban asibiti ya ga takardar nan da ake mannawa a bango cewa a kashe waya. Waɗanda suka yi horon agajin gaggawa shekarun baya ma an koya musu cewa kada a kusanto da waya ko rediyon sadarwa kusa da na'urar farfaɗo da zuciya, wato AED, sai an bar tazarar kusan mita 2. Wannan gargaɗi ya zauna a zukatan mutane har ya zama tsoro. To ga mutum ya yanke jiki ya faɗi, ba ya numfashi, ga na'ura a hannu, ga kuma buƙatar kiran motar asibiti. A kashe wayar ne, ko a fita waje a yi kiran a bar mara lafiya?

Amsar a taƙaice: kada a kashe waya, kada a fita, kada kuma a jinkirta ko daƙiƙa ɗaya saboda tsoron igiyar rediyo. A sa wayar a sifika, a ajiye ta tazarar tsawon hannu daga na'urar da wayoyinta da ke zuwa ƙirjin mara lafiya, a ci gaba da aiki. Abin da ya cancanci a sa masa ido shi ne oba-oban masu gadi da jami'an tsaro, sai kuma hannayen jama'a da ke taɓa mara lafiya. Mutumin da zuciyarsa ta tsaya, in ba a danna masa ƙirji ba, damar rayuwarsa tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari a kowane minti. Babu wata waya da ke yin ɓarnar da ta kai wannan.

Amma katsalandan ɗin gaskiya ne, ba tatsuniya ba. Sanin yadda yake faruwa shi zai sa mutum ya san abin da zai kawar da abin da zai ƙyale.

Abin da na'urar ke saurara

AED ba ta fara da bayar da shokin. Aikinta na farko sauraro ne. Filastoci biyun da ake mannawa a ƙirji suna ɗauko ɗan lantarkin da zuciya ke fitarwa, kwamfutar da ke cikin na'urar ta duba shi, sannan ta yanke hukunci ko wannan zuciya tana cikin halin da shokin zai gyara. Hali biyu ne kaɗai take ba wa shokin: lokacin da ƙananan ɗakunan zuciya suka rikice suna makyarkyata maimakon bugawa, wanda likitoci ke kira VF, da lokacin da suke gudun da ya wuce kima har jini ba ya fita, wanda ake kira VT. Zuciyar da ta yi shiru ɗungurungum ba a ba ta shokin, danna ƙirji da magani take buƙata.

Lantarkin da ake saurara ɗin nan ƙanƙane ne ƙwarai. A saman fata bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na bolt ɗaya ba, kuma idan makyarkyatar ta jima takan ragu ta koma kashi ɗaya cikin biyar na hakan ko ƙasa. Aikin na'urar kamar sauraron raɗa ne a tsakiyar kasuwa: kunnen yana da kyau, amma in wani ya zo ya yi ihu daidai kansa, raɗar ta ɓace.

Ta ina ihun ke shigowa? Ta wayoyin da suka haɗa filastoci da na'ura. Duk doguwar waya eriya ce, ko an so ko ba a so. Igiyar wayar salula tana kaɗawa sau miliyan 900 ko miliyan 1,800 a daƙiƙa, zuciya mai makyarkyata kuwa sau 'yan ƙalilan ne a daƙiƙa, saboda haka matatar da ke cikin na'urar tana zubar da igiyar kanta cikin sauƙi. Matsalar tana wajen yadda igiyar ke kunnawa tana ɗaukewa. Wayar 2G ba ta sakin igiyarta a miƙe, a gutsure take sakinta, sau 217 a daƙiƙa. Shi ne ƙarar nan ta "dit-dit-dirrr" da ake ji a rediyo ko lasifikar masallaci gab da kira ya shigo wayar da ke kusa. Idan igiya mai ƙarfi ta shiga kayan lantarki, waɗannan gutsattsarin ne ke fitowa a matsayin hayaniya. Haka kuma mai gadin da ke danna maɓallin oba-oba yana saki, yana dannawa yana saki, yana haifar da hayaniya mai jinkirin da ya kusanci na bugun zuciya. Wannan ya fi kowanne muni.

Hayaniyar tana iya jawo ɗaya daga abu uku. Mafi yawa, na'urar takan gane cewa akwai katsalandan, ta dakatar da bincike, ta sake farawa, lokaci ya tafi. Na biyu, hayaniyar ta rufe makyarkyatar zuciya, na'urar ta ce ba a buƙatar shokin alhali ana buƙata. Na uku, wanda ya fi wuyar faruwa, ta ɗauki hayaniyar a matsayin makyarkyata ta ba da umarnin shokin ga zuciyar da ba ta buƙata.

Ba duk na'urorin sadarwa ne ɗaya ba

Abu biyu ne ke auna haɗari: ƙarfin abin da ke watsa igiyar, da kusancinsa. Bluetooth da Wi-Fi ba su cika wuce kashi ɗaya cikin goma na wat ba, yawanci ma ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Wasu AED na zamani, irin su LIFEPAK CR2, suna ɗauke da Wi-Fi a jikinsu don aika rahoton lafiyarsu. Wayar 4G ko 5G ƙarfinta bai cika wuce kashi ɗaya cikin biyar na wat ba. Wayar 2G kuwa tana iya kaiwa wat 2. Oba-oba na hannu yana kaiwa wat 4 zuwa 5, rediyon da ake kafawa a motar 'yan sanda ko motar asibiti kuma yakan kai wat 25 ko sama da haka.

A 1997 hukumar kula da kayan asibiti ta Birtaniya ta gwada na'urorin sadarwa kusa da kayan asibiti iri-iri. A tazarar mita 1, rediyon jami'an agajin gaggawa ya dami kashi 41 cikin ɗari na kayan da aka gwada, oba-oban masu gadi ya dami kashi 35, wayar salula kuwa kashi 4 kacal. Kuma wayoyin wancan zamanin sun fi na yau ƙarfin watsawa. A 2007 asibitin Mayo Clinic na Amurka ya buga sakamakon gwaji 300 da aka yi da wayoyi a ɗakunan marasa lafiya, ana amfani da su yadda aka saba, ba a sami katsalandan ko ɗaya ba. A shekarar dai wasu masu bincike a Holan suka sami katsalandan a kayan ɗakin kulawa ta musamman, amma galibi sai da aka kai wayar 'yan santimita kaɗan daga jikin na'ura, shi ya sa suka tsaya a kan shawarar barin mita 1.

Ƙa'idar duniya da ake gwada kayan asibiti da ita wajen jure igiya, IEC 60601-1-2, a bugunta na huɗu na 2014 ta sa masu ƙera na'urori su rubuta gargaɗin barin aƙalla santimita 30 tsakanin na'urar sadarwa ta hannu da kowane sashe na kayan, har da wayoyinsa. A lura da wannan "har da wayoyinsa", domin a nan mutane ke kuskure: su nesanta waya da akwatin AED, amma su ɗora ta a kan igiyar filasta ko a kan cikin mara lafiya.

Tazara tana aiki fiye da yadda ake zato. Idan aka ninka nisa sau biyu, ƙarfin igiyar da ke isowa yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Taku biyu baya ya isa ya mayar da oba-oba mai haɗari abin da ba ya damun kowa.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Waya tana ƙara ƙarfinta ne idan sabis ya yi rauni. A ƙauyukan da sabis ke sanda ɗaya, inda kuma ƙananan wayoyi masu maɓalli da ke kan 2G suka fi yawa, waya tana watsawa kusa da iyakar ƙarfinta. A irin wannan wuri ni dai ina ganin a bar mita 1 cikakke, kada a tsaya a santimita 30. Sifikar waya tana jiyuwa daga mita 1 ba tare da wahala ba.

Sandunan sadarwa na kamfanonin waya da mutane ke tsoro kuwa, ba su ne abin damuwa ba a nan. Eriyarsu tana sama, tana harba igiya nesa, abin da ke saukowa ƙasa kaɗan ne. Wayar da ke aljihunka ta fi sandar da ke bayan gidanku tasiri a kan na'urar.

Mataki-mataki, daga faɗuwa zuwa shokin

Mataki na 1. Ka duba wurin kafin ka durƙusa. Idan wayar lantarki ce ta ja mutumin, kada ka taɓa shi sai an yanke wuta. Idan babbar wayar layin wuta ce ta faɗo, a tsaya nesa a kira masu wuta. Wannan haɗari ne ga ranka, ba maganar katsalandan ba ce.

Mataki na 2. Ka girgiza kafaɗunsa, ka kira shi da ƙarfi. Ka duba numfashinsa, kada dubawar ta wuce daƙiƙa 10. Wanda zuciyarsa ta tsaya yakan yi wani jan numfashi jefi-jefi mai kama da shaƙuwa ko minshari. Wannan ba numfashi ba ne, kada ya yaudare ka.

Mataki na 3. Ka nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce ya ɗauko AED, ka nuna wani ka ce ya kira agaji. A Najeriya lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma duk wanda ke kula da wurin taruwar jama'a ya kamata ya riƙe lambar asibiti mafi kusa ma. In kai kaɗai ne, ka kira da kanka, ka sa sifika, ka ajiye wayar a ƙasa can sama da kan mara lafiya ko bayanka, ba a ƙirjinsa ba, ba kuma a gefen da za a ajiye na'ura ba.

Mataki na 4. Ka fara danna tsakiyar ƙirji nan take, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, kana barin ƙirjin ya dawo bayan kowace dannawa. In ka iya hura numfashi, dannawa 30 hurawa 2. In ba ka iya ba, dannawar kaɗai ta wadatar.

Mataki na 5. Da na'ura ta iso, a kunna ta. Za ta yi magana, galibi da Turanci ko Faransanci. Mai dannawa kada ya tsaya yayin da ɗayan ke shirya filastoci. A buɗe ƙirji, a yanke riga in ta kama. A cire waya daga aljihun gaban rigar mara lafiya, domin a nan maza da yawa ke ajiye ta, kuma da wuya a tuna da ita. 'Yan uwa za su yi ta kira da zarar labari ya bazu, ga wayar kuwa daidai kan filasta.

A nan al'adarmu ta yayyafa wa wanda ya suma ruwa tana kawo cikas. Kafin na'ura ta iso, da wuya a ce wani bai kwara masa ruwa ba. Filasta ba ta mannuwa a jiƙaƙƙen ƙirji, kuma filastar da ba ta manne sosai ba ita ce babbar ƙofar hayaniya: tana motsi, tana ɗauko kowace igiya da ke yawo a wurin, kuma shokin ɗin ma ba ya shiga yadda ya kamata. A goge ƙirjin da rawani, mayafi ko duk abin da ke kusa. In gashi ya yi yawa a aske wurin da sauri da rezar da ke cikin jakar na'urar. In akwai filastar magani a ƙirjin, a ɓare ta a goge wurin.

Idan mace ce, hukuncin bai canza ba. Filasta sai a kan fata. Mata su yi da'ira su kare ta da zannuwa, a manna filastocin, a mayar da mayafi a rufe ta. Idan akwai macen da ta iya, ita ta yi, idan babu, wanda ya iya ya yi. Kunya ba ta kai rai ba, kuma na fi son a tattauna wannan a makarantu da majalisu tun kafin ranar ta zo.

Mataki na 6. A manna filasta ɗaya a ƙarƙashin ƙashin wuya na dama, ɗayar a gefen hagu ƙasa da hammata. Hoton yana jikin kowace filasta. A danne su da tafin hannu har gefuna su kwanta. Yaron da bai kai shekara 8 ko kilo 25 ba yana da nasa filastocin, in babu a yi amfani da na manya, ɗaya a tsakiyar ƙirji ɗaya a tsakiyar baya. A miƙar da wayoyin, kada su naɗe, kada su bi ta kan wayar caja ko wayar janareta.

Mataki na 7. Wannan shi ne lokacin da duk maganar igiya ta shafa. Na'urar za ta ce tana bincike, kada kowa ya taɓa mara lafiya. 'Yan daƙiƙu ne kawai. A cikinsu a ɗaga hannu gaba ɗaya, a daina dannawa, a daina hurawa, kada a gyara masa kwanciya, kada a taɓa wayoyin filasta. Mai oba-oba ya ja baya aƙalla mita 2, kuma ya saki maɓallin magana har sai an gama. Sauraro ba ya watsa komai, dannawa don yin magana ce ke watsawa, saboda haka ba sai ya kashe ba. Wanda ke jagorantar aikin ya faɗa da babbar murya: "Kowa ya ɗaga hannu! Mai oba-oba, dakata!"

Masu ɗaukar bidiyo su ma a kora su baya. Waya ɗaya a nesa ba komai ba ce, amma wayoyi ashirin da aka miƙo saman mara lafiya, wasu suna watsa hoto kai tsaye a Facebook, sun keta tazarar santimita 30. Abin da ya fi wannan muni shi ne turereniyar da ke sa a bangaji mai aiki ko a taka waya, ban da tozarta mutumin da ke kwance.

Mataki na 8. In na'ura ta ce a ba da shokin, a duba daga kai zuwa ƙafa a tabbata ba mai taɓa shi. In akwai abin shaƙa iskar oksijin a fuskarsa, a cire a nesanta shi mita 1, saboda tartsatsi. A danna maɓallin. Wasu na'urorin da kansu suke bayarwa bayan sun yi gargaɗi. Ƙarfin shokin ɗin yakan kama daga jul (ma'aunin ƙarfin shokin) 120 zuwa 200 a karon farko, wasu na'urorin suna hawa har 360.

Mataki na 9. A koma danna ƙirji nan take, ko an ba da shokin ko ba a bayar ba. Kada a tsaya laluben jijiya. Bayan minti 2 na'urar za ta sake bincike, a sake maimaita mataki na 7. A cikin minti biyun nan mai oba-oba yana iya yin maganarsa daga inda ya tsaya. Kada a cire filastoci ko da mutumin ya farfaɗo, a bar su har ma'aikatan lafiya su karɓe shi.

Idan na'urar ta yi ta katse bincike

Idan ta ce ta ji motsi ko ta kasa kammala bincike, kada a fara zargin igiya. A bi abubuwan da suka fi yawan faruwa tukuna. Wani yana taɓa shi? Sau da yawa ɗan uwa ne ya riƙe hannunsa ko ƙafarsa yana addu'a, sai a roƙe shi cikin ladabi ya saki ya ci gaba da addu'ar. Filasta ta ɗago? A danne ta. Wani ya taka wayar filasta, ko iska tana kaɗa ta? Yana kwance a kan abin da ke girgiza, kamar benci da ke jingine da janareta? Bayan waɗannan sai a waiwayi oba-oba da wayoyi, sannan manyan kayan lantarki: janareta, injin walda, taransifoma, injin niƙa. Abin da za a iya kashewa cikin daƙiƙa a kashe. In ba zai kasu ba, a ja mara lafiya 'yan mitoci gefe, a yi jan da sauri. Duk wannan dubawar wani ne zai yi ta, ba mai danna ƙirji ba. In binciken ya ƙi, a koma dannawa, kada a tsaya ana kallon na'ura.

Wutar gida a Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma masu ƙera AED sun san da ita, sun sa matatar da ke rage ta. Fitila, fanka da firji ba abin damuwa ba ne. Inda aka sami matsala ta gaske shi ne layukan dogo na Jamus, Austiriya, Suwizalan, Suwidin da Norwe, waɗanda wutarsu ke kaɗawa sau 16.7 a daƙiƙa. Wannan ya kusanci zangon da na'urar ke saurara, kuma gwaje-gwaje sun nuna wasu AED suna rikicewa a dandamalin jiragen. Wanda ke zaune a waɗannan ƙasashe ya san da haka.

A cikin mota mai tafiya kuwa, girgizar hanya kaɗai ta isa ta ɓata bincike. A tsayar da motar duk lokacin da AED za ta yi bincike, kuma direba kada ya taɓa rediyon motar a lokacin, domin eriyarta tana saman rufi, 'yan taku daga mara lafiya. Ɗakin hoton MRI kuma ba a shiga da AED cikinsa sam, maganaɗisun zai fizge ta. Fito da mara lafiya ake yi.

Wanda aka dasa wa na'ura a ƙirji

Akwai waɗanda likitoci suka dasa wa ƙaramar na'ura a ƙarƙashin fata, galibi ƙasa da ƙashin wuya na hagu: ko mai daidaita bugun zuciya, ko wadda ke ba da shokin daga ciki, wato ICD. Ɗan ƙwallon Denmak Christian Eriksen misali ne. Zuciyarsa ta tsaya a filin Parken na Kwapanhagan ranar 12 ga Yunin 2021 a wasansu da Finlan, aka danna masa ƙirji, aka ba shi shokin sau ɗaya ya dawo, daga baya aka dasa masa ICD, ya koma buga wasa a Brentford a 2022. Abin lura a nan shi ne wurin da abin ya faru: fili cike da wayoyin 'yan kallo, kyamarorin talabijin marasa waya da oba-oban jami'ai, kuma na'urar ta yi aikinta. Mu da muka rasa ɗan ƙwallon Najeriya Samuel Okwaraji, wanda ya faɗi ya rasu ana cikin wasa a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agustan 1989, muna da dalilin nacewa a kan kowane filin wasa ya mallaki wannan na'ura da waɗanda suka iya ta.

Idan mai irin wannan dashe ya faɗi, ana amfani da AED a kansa kamar kowa. Za a ga tabo da ɗan tudu mai tauri a ƙarƙashin fata. Kada a manna filasta a kan tudun, a matsar da ita kamar santimita 8. In aka ga jikinsa yana zabura saboda ICD ɗinsa tana ba da shokin, a ba ta daƙiƙa 30 zuwa 60 ta gama zagayenta. Wanda ke taɓa shi a lokacin zai iya jin ɗan jan lantarki, ba ya cutarwa.

A rayuwar yau da kullum, masu dashen nan su ne katsalandan ya fi shafa, kuma maganaɗisu ya fi igiyar rediyo damunsu. An ƙera ICD ne ta yadda in aka ɗora mata maganaɗisu za ta dakatar da ba da shokin, don likitoci su iya tsayar da ita lokacin tiyata. Sai ga wayoyi irin iPhone 12 da suka fito da zoben maganaɗisu a bayansu. A Mayun 2021 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta shawarci masu dashe su bar santimita 15 tsakanin dashen da waya ko agogon zamani. Kamfanin Apple ya ƙara da cewa a bar santimita 30 idan ana cajin wayar ba tare da igiya ba. A aikace: kada a sa waya a aljihun ƙirji, a amsa kira da kunnen da ke ɗaya gefen, kada a rataya abin sauraro na kunne a wuya yana lilo a kan dashen. Ƙofar bincike ta banki ko filin jirgi a wuce ta da tafiyar da aka saba, kada a tsaya a ciki ko a jingina, a kuma nuna katin dashen don kada mai gadi ya daɗe da sandar bincike a kan ƙirji. Mai sana'ar walda ko gyaran janareta ya zauna da likitansa kafin ya koma aiki. In jiri ya kama mutum kusa da wani inji, ya matsa nesa, yawanci na'urar tana komawa daidai da kanta, sannan ya sanar da likita.

Inda za a ajiye ta, da kula da ita

Mai sayo AED don makaranta, masallacin Juma'a, kasuwa, tasha ko ma'aikata ya buɗe littafinta ya nemi shafin da ke magana kan jure igiya, a can kamfanin ya rubuta tazarar da ta dace da wannan samfurin. In lambarsa ta fi waɗanda na kawo, tasa za a bi. A guji sayen tsohuwar na'urar gwanjo da ba a san shekarunta ba, ba a kuma samun batirinta da filastocinta.

Kada a rataye ta a ɗakin masu gadi kusa da babban rediyo da wurin cajin oba-oba, ko a bangon ɗakin janareta. A sa ta inda kowa ke gani, ba a ofishin da ake kullewa a tafi da makulli ba. Ba ta dogara da wutar gari, batirinta take amfani da shi, saboda haka ɗaukewar wuta ba ta shafe ta.

A ƙasarmu zafi ya fi igiya lalata ta. Yawancin samfura ba a so su zauna a zafin da ya wuce digiri 50, wasu ma ƙasa da haka, ga shi a Sakkwato, Maiduguri ko Agadas zafin inuwa yana haura 40 a watan Afrilu, balle cikin motar da aka rufe a rana. Zafi yana busar da danƙon filasta, busasshiyar filasta kuma ita ce ke ɗauko hayaniya. A duba ranar ƙarewar filastoci, wadda kan kama daga shekara 2 zuwa 5 gwargwadon kamfani, haka ma batir. A ajiye filastoci na biyu a jaka, da reza, almakashi da tawul. A lokacin hunturu ƙura tana shiga ramin da ake soka wayar filasta, saboda haka akwatin ya kasance a rufe. Na'urar tana gwada kanta, tana nuna alama kore in lafiya take, tana ƙara in da matsala. A ɗora wa mutum ɗaya, da sunansa, alhakin duba alamar kowane mako.

A atisayen da za a riƙa yi, a sa masu gadi a ciki da oba-obansu a hannu, domin su ne kan fara isa wurin kuma su ne ke ɗauke da na'urar sadarwa mafi ƙarfi. A gwada musu inda za su tsaya, su aika saƙonsu kafin a manna filasta ko lokacin da ake danna ƙirji, su yi shiru lokacin bincike. A fassara wa kowa jimloli huɗu ko biyar da na'urar ke faɗa zuwa Hausa, a rubuta su da manyan baƙaƙe, da boko da ajami in wurin ya buƙata, a manna a murfin akwatin tare da lambar asibiti mafi kusa.